Bulon Bayan Gida

Alhamis, da hantsi

Bana shekara talatin da 'yan kai ke nan da daminar da gada ta karye. Duk mai furfura a unguwar nan ya san ta. Ruwa ya shigo ɗaki har gwiwa, ya tafi da tabarmi, ya tafi da kaji, ya tafi da gwangwanin madarar da nake ɓoye kuɗina a ƙarƙashin gado. Da gari ya waye na fita ina tonon laka kamar wanda ya taɓu, ina neman gwangwani. Sai na ɗaga kai na ga tulin bulon maƙwabcinmu yana nan yadda ya jera shi, ko ɗaya bai gusa ba. Na daɗe ina kallonsa. Na ce, to, na ji.

Tun daga makon nan, kowace Alhamis in na tashi daga rumfar gyaran keke, ba na shiga gida sai na biya wajen mai bulo. Abin da aljihu ya iya, ko biyu ne ko goma. Dalilina shi ne, kuɗin da ya riga ya shiga gida ya zama na gida. Gishiri zai kira shi, sabulu zai kira shi, matata Tsohuwa ma za ta kira shi da muryar nan tata mai taushi. Bulo kuwa ba mai ce maka ɓantaro mini gefe in sayi albasa. Suna nan a filin bayan gida, layi bisa layi, sun fi ni tsayi. Ɗaki biyu zan gina da su in zuba 'yan haya. Ranar da hannu ya ce ya gaji da sifana, sai mu ci daga nan, ni da Tsohuwa, ba tare da mun miƙa wa kowa tafi ba.

Ban yi makaranta ba. Baƙaƙen nan a jikin kwalin taya da bayan manyan motoci na tsince su, shi ya sa suke tafiya a karkace kamar keken da ya sha karo. Auta ce, 'yata da ke aiki a kantin magani, ta kawo littafin nan ta ce in riƙa rubutu, wai yana motsa yatsu. Yatsuna lafiyarsu ƙalau. 'Yar rawa suke yi da safe, kuma wane ne ba ya rawa da safe?

Yau huɗu zan saya.

Asabar, bayan azahar

Babban ɗana ya zo, wanda unguwa ke kira Manaja saboda aikinsa na kamfani. Shi da matarsa da yara biyu. Ya ce hutu suka zo. Na yi murna ƙwarai.

Hutun dai da firji aka zo shi. Da gado, da kujerun falo, da talabijin mai faɗin ƙofa, da buhu guda na takalma. Motar kaya ce ta sauke su ta juya.

Na ce da Tsohuwa, "Ke, hutun zamani har da firji ake tafiya?"

Ta taka mini ƙafa. Ta ce, "Malam, kama bakin katifar nan, ka bar naka bakin ya huta."

Na kama.

Lahadi, da safe

Gida ya cika, ba masaka tsinke. Kujerun falo a tsakar gida suka kwana, an lulluɓe su da leda. Jikoki sun gano famfon keke, tun asuba suke hura wa juna iska a kunne. Surukata yarinyar kirki ce, kafin in tashi ta share har lungun da tsintsiya ba ta taɓa zuwa ba tun da aka gina gidan.

Na sha ruwan firji. Har haƙoran da ba ni da su sai da suka yi tsami.

Talata, da la'asar

Na tambayi Manaja ina motarsa. Ya ce tana wajen gyara.

Ni ma mai gyara ne. Na san gyaran da ake komawa a karɓa, na san wanda ba a komawa. 

Wayarsa kullum a kife take. Ta yi ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure, shi kuma yana kallon rufi.

Alhamis, da yamma

Faci uku, birki ɗaya, da wata sarƙa da ta ba ni wahala. Ba sarƙar ce da laifi ba, ƙusar ce ƙarama, ta faɗi sau nawa ina tsintowa. Masu yin kayan keke yanzu da gangan suke ƙanƙanta komai.

Mai shayin da ke gefen rumfata, wanda muka tsufa tare, ya leƙo ya ce, "Mai keke, na ga Manaja. Ya zo buɗe reshen kamfani ne a unguwa?"

Na ce, "Ya zo duba ko shayinka ya fara zama shayi. An aiko shi daga sama."

Ya ce, "Ai ruwan zafin nan ne ya raine ka." Ya miƙo mini kofi, bai ƙara tambaya ba. Shi ya sa nake zama da shi.

Na sayi biyu. Baki sun ƙaru a gida.

Asabar, da hantsi

Wasu mutane biyu sun zo, takalmansu na sheƙi. Sun gaida ni da ladabin da ya yi yawa. Sun tambayi Manaja. Na ce ba ya cikin ɗaki, kuma gaskiya na faɗa, don yana bayan bulo a tsugune.

Na ba su benci, na ba su ruwan sanyi. Ɗayan ya leƙa ta lungu ya ce, "Baba, wannan bulo haka na waye?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "Ma sha Allah."

Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ina zaune gindin bulo ina shafa wa wata sarƙa giris, sai ga Manaja ya zo ya zauna a ƙasa. Tun yana ɗan yaro in ya zauna a ƙasa to akwai magana.

Ya ce, "Baba, bulon nan fa kuɗi ne a kwance."

Na ce, "A tsaye suke."

Ya ce akwai wanda zai kwashe su duka, kuɗi hannu. Ya ce in na ba shi ya juya, kafin damina zai mayar mini da ninki.

Na ce, "Ninkin me?"

"Ninkin bulon, Baba."

"Ka taɓa ganin bulo ya haihu?"

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekara talatin kana tara ɗaki, har yau ba ɗakin. Ƙadangaru ne kaɗai 'yan hayarka, kuma ba sa biya. Bara da Inna ta kwanta a asibiti, bulo aka kai wa likita?"

Ba bulo aka kai ba. Shi ya biya, tun daga gado har allura. Na san haka, shi ma ya san na sani.

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma bakina ba shi da birki. Na ce, "Kai da ka shekara goma sha kana karɓar albashi duk wata, nuna mini bulo ɗaya. Ko a cikin buhun takalman yake?"

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya shiga.

Tsohuwa ta ji komai ta taga. Ta kawo mini abinci ba ta ce in ci lafiya ba.

Litinin, da yamma

Ba a yi hira ba yau.

Laraba, da sassafe

Kusurwar gabas ta tulin bulona ta rame.

Na fito alwala na gani. Ga sawun kurar ɗaukar kaya a ƙasa, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Na shekarar da aka haifi Auta ne suka tafi. Na san su, jajaye ne, don a shekarar mai bulo yashin bakin kogi yake ɗebowa. Ranar da na sayi na farkonsu da gudu na dawo gida, na tarar har an yi mata wanka.

Jiya tun safe har magariba ina rumfa.

Ban tambaya ba. Tsohuwa ba ta tambaya ba. Surukata ta ƙona shinkafa, muka ci muka ce ta yi daɗi.

Laraba, da la'asar

Wataƙila ƙadangaru ne.

Alhamis, da hantsi

Na kwaso kayan aikina kaf daga rumfa na dawo da su gindin bulo. Na bar wa mai shayi sallahu, duk mai faci ya biyo lungu ya same ni. Iskar nan ta fi ta bakin titi, kuma ba ƙura. Dama na daɗe ina son yin haka.

Mai shayi ya biyo ni da butarsa. Ya ce, "An ce ka samu aikin gadi. Nawa ne albashin?"

Na ce, "Ana biya da rashin ganin fuskarka."

Ya dubi kusurwar gabas, ya dube ni, ya zuba mini shayi har da madara. Bai karɓi komai ba.

Alhamis, da magariba

Ban je wajen mai bulo ba. Tun shekarar gada ban taɓa fashi ba sai da ciwo ko rasuwa. Ba a ɗiban ruwa da kwando.

Ƙafata ta yi ta ƙaiƙayi har rana ta faɗi.

Asabar, da azahar

Masu takalma ba su dawo ba. Wayar Manaja yau a buɗe take, fuskarta sama. Talabijin ma ta tafi gyara, bangon ya yi fili.

Ya ci abinci da yawa yau. Na ji daɗi, ban nuna ba.

Amma na yi tunani. Abin da ke jere ana iya ɗauka. Abin da aka ɗaure da siminti sai da guduma, kuma guduma tana da ƙara. Na aika a kira mini Gajere magini. Za a fara gini, ko ana so ko ba a so.

Litinin, bayan azahar

Yau na sha kunya, kuma na sha dariya, ban san wadda ta fi yawa ba.

Gajere ya zo da igiyarsa a kafaɗa. Ya zagaya tulin yana taɓawa kamar mai sayen rago. Sai ya tsuguna ya zaro ɗaya daga layin ƙasa, cikin na farkon farko, ya matsa da hannu. Ya marmashe kamar burodin jiya.

Ya ce, "Baba, waɗannan sun riga mu gidan gaskiya. Ruwa da rana sun cinye su."

Na ce, "Ruwa ba ya tafiya da bulo."

Ya ce, "Ba ya tafiya da shi, amma yana zama ya ci shi a wurin."

Sai ya jera guda uku a gabana. Ɗaya mai faɗi, ɗaya siriri, ɗaya madaidaici. Gaskiya ne, masu bulo uku na yi. Na farko marigayi ne, ma'auninsa shi kaɗai ya san shi. Na biyu inci shida yake bugawa. Na yanzu inci tara.

Gajere ya ce, "Wannan ai ba tulin bulo ba ne, taron dangi ne, kowa da tsayinsa. In na haɗa su a bango ɗaya, ɗan haya zai yi atishawa ya tsinci kansa a waje."

Na ce to a ware. Ya ce za a ware. Sai ya ce, "Ina siminti?"

Na dubi tulin bulona.

"Yashi fa? Rodi? Katako? Kwanon rufi? Ƙofa da taga? Ni kuma da yarana, iska za mu sha?"

Na ce, "Bulo dai nake da shi."

Tsohuwa tana bakin lungu da kwano a hannu. Ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta ajiye kwanon ta dafa bango. Ta ce, "Shekara talatin ina gaya maka, Malam!"

Na ce, "Ba ki taɓa faɗa ba."

Ta ce, "A zuci nake faɗa. Kai ne ba ka ji."

Ni fa har ga Allah a raina ɗaki bulo ne. Sauran na ɗauka ƙananan abubuwa ne da za su zo da kansu, kamar yadda in ka sayi keke ƙararrawa ke biyo shi.

Da Gajere ya gama cin dariyarsa ya ce kada in damu. Masu inci tara lafiyayyu ne, sun isa ɗaki biyu har da saura, ko da abin da ya ɓace a kusurwa. Bai ce ɓace ba, ya ce abin da ya yi tafiya. Masu inci shida kuwa suna da kasuwa wajen masu katanga. A sayar da su a sayi siminti da kwano.

Tsohuwa ta ce, "Wato abin da yaron nan ya ce."

Na ce, "Ba shi ba ne. Shi duka ya ce."

Ta ce, "To rabinsa."

Talata, da safe

Ba na sayarwa.

Talata, da la'asar

Masu inci shidan nan su ne tsakiyar rayuwata. Layin da ke da tabon baƙin mai, shekarar da aka kawo wutar lantarki titinmu ne, muka kwana muna kunna ƙwai muna kashewa. Na samansa shekarar da mahaifina ya rasu, da kafaɗa na ɗauko su don ba na son magana da mai kura. Akwai na shekarar da babura suka cika gari aka ce gyaran keke ya mutu, ga shi masu faɗar sun mutu ina nan. Akwai na shekarar da Tsohuwa ta yi yaji kwana biyu ta dawo ta ce ta manta tsintsiyarta ne.

In aka kwashe su, ina zan riƙa nuna wa mutum in ce a nan ne?

Na faɗa wa Tsohuwa haka. Ta ce, "Ai a kanka suke, ba a bulo ba. Wa ya taɓa tsira daga labarinka don ba ya kusa da bulo?"

Matar nan ba ta da tausayi.

Laraba, da hantsi

Na fito na tarar da Manaja a bayan gida sanye da tsohuwar rigata ta aiki. Ba wanda ya sa shi. Yana sauke bulo yana warewa, masu tara dama, masu shida hagu, matattu a tsakiya. Na tsaya ina jiran in ga kuskure. Ban samu ba, sai na ce ya riƙa lanƙwasa gwiwa, ba baya ba.

Muka yi ta yi. Shi yana ɗauka, ni ina gaya masa shekarar kowanne. Ya yi dariyar yajin uwarsa har ya kusa sakin bulo. Muka zo wani wuri da layin ya yi siriri, 'yan kaɗan ne a jere.

Ya ce, "Nan fa, Baba, me ya faru?"

Na ce, "Ka tuna shekarun da kake babbar makaranta?"

Ya ce, "Na tuna."

Na ce, "To ba su ba ne. Fari aka yi."

Ya daɗe yana kallon layin. Can ya ce, "Baba, maganar na kusurwar gabas..."

Na ce, "Riƙe wancan da kyau, zai faɗo maka a ƙafa."

Ya riƙe.

Hannunsa duk ya yi bororo. Hannun biro ne. Surukata ta shafa masa mai tana yi masa tsiya, yana ihu kamar yaro.

Alhamis, da yamma

Yau ma ban je wajen mai bulo ba, amma ƙafar ba ta yi ƙaiƙayi sosai ba.

Surukata ta fara ƙulla ƙanƙara a firji tana sayar wa masu shago. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce, "Baba, don Allah yaya kake yi ba ka fashi? Ni in na ce zan ajiye, kafin dare ya tafi."

Na ce, "Saboda da dare kike ajiyewa. Abin da ya rage ake nema a ajiye, kuma ba abin da ke ragewa, 'yata. Ki cire tun yana hannu, kafin gida ya ji ƙamshinsa. Kaɗan, amma kada ki tsallake."

Ta ce, "To ni ma bulo zan saya?"

Tsohuwa ta ɗaga murya daga kicin, "Ki sayi siminti, a samu mai hankali ɗaya a gidan!"

Asabar, bayan azahar

An sayar.

Mai katanga ya zo da motarsa. Ya tambaye ni nawa. Na faɗi abin da na san kuɗin bulo mai inci shida ne, har na ɗan ƙara don kada a cuce ni. Sai na ga idonsa ya yi haske, ya sa hannu a aljihu da sauri. Ashe kuɗin shekara ashirin da suka wuce na faɗa.

Manaja ya shiga tsakani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba labarin yadda ya saya yake ba ka. Yanzu za mu yi maganar yadda zai sayar."

Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba sai yau. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ɗaya ya sake shi a ƙasa, bai fashe ba. Ya ce bulon da ya sha rana shekara da shekaru ya fi wanda aka buga jiya, kuma mai katanga ya sani. Mutumin ya tafi har bakin mota ya dawo. Ya sake tafiya ya dawo. A ƙarshe har matattun ya saya, wai zai yi ciko da su. Gajere ya raɗa mini, "Baba, wannan ɗan naka zai sayar wa kifi ruwa."

Da aka miƙo kuɗin, Manaja ya mai da hannunsa baya. Ya ce, "Kada su biyo ta hannuna. A ba Baba."

Ban kalli motar ba da za ta tafi. Ina da faci.

Litinin, da la'asar

Auta ta zo ta tasa ni gaba har banki. Na ce ni da ajiye kuɗin takarda mun rabu tun shekarar gada. Ta ce, "Baba, bankin a bene yake." Na ce gadar ma a sama take. Ta ce in ban shiga ba za ta gaya wa Tsohuwa. Na shiga.

Sun kawo tawada in dangwala yatsa. Na ce a ba ni biro. Na rubuta sunana da kaina, ya hau tudu ya gangaro, amma nawa ne. Yarinyar da ke wurin ta ce ya yi kyau. Tarbiyya gare ta.

Ga yadda suka tsara, Auta da wanta, ni kuma na yarda don na gaji da musu. Kaso mafi yawa na siminti da kwano ne, daga banki zuwa hannun mai kaya, ba ya kwana a gida. Wani ɗan kaso kuma a bar shi can, ba na gini ba ne, na ranar da wani ya kwanta ne. Wannan Manaja ne ya nace. Na ce wa zai kwanta? Ya ce ba kowa, Baba, shi ya sa za a bar shi ya yi ta barci.

Abin Alhamis kuma wai can zan riƙa kaiwa. Za mu gani. Takarda ba ta da nauyi a kafaɗa, mutum bai san ya yi wani abu ba.

Laraba, da hantsi

An sauke yashi da siminti. Jikoki sun hau yashin sun ƙi sauka.

Gajere ya ce abin da ke akwai zai rufe ɗaki ɗaya bana, ɗayan ya tsaya a linta, daidai saman ƙofa, sai baɗi. Na ce ɗaya ma ɗaki ne. Hayar na farko ita za ta rufe na biyu.

Manaja yana fita da safe yanzu da takardu a hannu, ya dawo da rana ya cire riga ya kama shebur. Ban tambaye shi inda yake zuwa ba. Jiya ya ce in an gama ɗakin su za su shiga. Na ce haya haya ce, ba sani ba sabo. Ya ce ya sani. Matarsa ta ce ita za ta riƙa kawowa da hannunta, ƙarshen wata. Na fi yarda da wannan.

Tsohuwa ta ce, "Ɗanka za ka karɓi haya a hannunsa?"

Na ce, "In ban karɓa ba ya zama yaro. In na karɓa ya zama maigida."

Ta ce, "In bai samu ba fa?"

Na ce, "Sai in kai ƙararsa wajenki."

Alhamis, da magariba

Gajere ya kafa turaku ya ja igiya. Na tsaya a tsakiya, ƙasa ce kawai da igiya, amma na ji kamar in cire takalmi.

Sai rigima ta tashi a kan ƙofa. Gajere ya sa ta tana kallon titi, wai ɗan haya yana son shiga da fita ba a ƙirga masa. Ni kuwa na ce tsakar gida za ta kalla. Ina son in zauna a bencina in ga ƙofar da na tara tana buɗewa tana rufewa. Manaja ya bi Gajere. Auta ta bi wanta. Tsohuwa ta ce duk inda ban zaɓa ba nan ne daidai. Surukata ta ce ita ba ta da baki, amma titi ta kalla da ta faɗa.

Na ce to, na ji, kun fi ni yawa. Suka yi mamakin yadda na sauko da wuri. Tsohuwa ce kawai ta ƙanƙance ido.

Gajere ya ce da hantsi zai zo da masu haƙa. Gobe in Allah ya kai mu, ana idar da sallar asuba zan cire turakun nan biyu in mayar da ƙofa inda ya kamata. Zan tashi Manaja ya riƙe mini ɗaya bakin igiyar. Zai yi gunaguni, amma zai riƙe.